Turawa daban, ajiyewa daban: Xender, WhatsApp, Telegram, Google Drive ko memori?

Shekara shida ke nan nake ɗaukar tafsirin da Malam yake gabatarwa a masallacin unguwarmu duk watan azumi. Kayan aikina waya ce da ɗan makirfo da nake maƙala masa a wuyan riga. Zama ɗaya yakan kai awa ɗaya da rabi, kuma da yake ina mayar da sautin MP3 mara nauyi, wanda minti ɗaya ke cin kamar rabin megabayit, kowane zama yana tsayawa a wajen MB 43. In an haɗa zama 29 sai a tashi da gigabayit ɗaya da kwata. Ranar rufewa kuma bidiyo nake ɗauka, shi kam minti ɗaya yana haura MB 100, don haka awa biyu ta zarce GB 12.

A satin ƙaramar Sallar da ta wuce mutum uku suka nemi wannan karatu a wurina. Baba Alhaji maƙwabcinmu ya miƙo min rediyonsa mai cin memori ya ce, "Ɗana, zuba min karatun nan kaf, in riƙa ji da hantsi." Wani ɗalibin Malam da ya koma gida Maraɗi ya bugo waya yana so a tura masa, shi da abokan karatunsa da suka kusa arba'in. Shi kuma Malam da kansa, bayan sallar La'asar, ya kira ni gefe ya ce, "Ina so ko bayan raina jikokina su ji wannan. A ina kake ajiye shi?" Na ce, "Allah gafarta Malam, yana cikin waya." Ya yi shiru ya dube ni, sannan ya ce, "To in wayar ta faɗa ruwa fa?"

Karatun ɗaya ne, amma hanyar da ta dace da Baba Alhaji ba ta kai Maraɗi, wadda ta kai Maraɗi kuma ba ta amsa tambayar Malam. Yawancinmu manhaja guda muke ɗora wa dukkan waɗannan ayyuka, galibi WhatsApp, kuma daga nan asara take farawa. Kafin ka zaɓi hanya, duba ko mutumin yana kusa da kai, mutum nawa ne za su karɓa, da kuma tsawon lokacin da kake so abin ya rayu.

Wanda yake zaune kusa da kai bai kamata ko ɗayanku ya ƙona data ba, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Bluetooth shi ne tsohon hannu a wannan aiki, kuma har yanzu shi ke haɗa babbar waya da ƙaramar waya mai madannai. Sai dai jan ƙafa gare shi. Ko a mafi kyawun gudunsa, kamar megabit biyu a daƙiƙa, tafsirin wata guda zai ɗauki fiye da awa ɗaya, kuma in mutum ya tashi ya ɗan yi nisa sai aikin ya yanke. Ya isa a tura hoto ko karatu ɗaya, iyakarsa ke nan.

Xender ta sami karɓuwa ne saboda ta kauce wa wannan jira. Waya ɗaya takan buɗe Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, fayil ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta intanet ba. Gigabayit ɗaya da kwatan nan nakan tura shi cikin ƙasa da minti biyar, ko a ƙauyen da babu sabis, ko layin mutum babu ko kobo. Abin yana fita kamar yadda ya shiga, ba a matse shi, ba a rage masa kyau. Babban ƙarfinta kuma shi ne kusan kowa yana da ita, har ta kai in aka ce "buɗe Xender ɗinka" ba a buƙatar ƙarin bayani. Ga lissafin da ya sa nake girmama wannan hanya: in mutum arba'in kowa ya sauke tafsirin nan da datarsa, an kashe GB 50. In mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran a zaure, GB ɗaya da kwata aka kashe.

Abin da ke rage mata daraja shi ne tallace-tallace da tayin wasu manhajoji da bidiyoyi da ba ka nema ba, waɗanda su kuma in datarka a kunne take za su ci. Tana cikin manhajoji 59 da gwamnatin Indiya ta haramta a Yunin 2020, tare da SHAREit da TikTok, bisa dalilin tsaro, a lokacin da rikicin kan iyaka ya yi tsami tsakaninta da China. Wannan hukunci akwai siyasa a cikinsa, ban ɗauke shi hujjar cewa a goge ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya. Manhajar da ta bi ta hannu goma ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba, kuma ta nan ne jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp suke yaɗuwa, alhali kamfanin WhatsApp yana rufe asusun masu amfani da su.

Mutane da yawa ba su san cewa wayarsu ta Android ta zo da irin wannan hanya a cikinta ba. Google ya fito da ita a 2020 da sunan Nearby Share, sannan a farkon 2024 aka haɗe ta da ta Samsung aka kira ta Quick Share. In ka zaɓi fayil ka danna alamar rabawa za ka gan ta. Da Bluetooth take gano wayar da ke kusa, da Wi-Fi take turawa, babu talla, babu abin da za ka sauke, kuma akwai ta kwamfuta mai Windows. Tsakanin Android biyu na zamani ni ita nake fara gwadawa. Sai in ta ƙi ganin ɗaya wayar, wanda yakan faru da tsofaffin wayoyi, nake komawa Xender. Masu iPhone suna da AirDrop tsakaninsu. Wanda yake yawan haɗa iPhone da Android da kwamfuta ya duba LocalSend, manhaja ce ta kyauta mara talla da ke aiki a kansu duka, muddin suna kan Wi-Fi ɗaya.

Akwai wani abu da ya shafi masu turi, waɗanda muke samu a bakin kasuwa da tasha da shagunan caji. Sana'a ce da ta rufa wa matasa da yawa asiri, ta kuma kai karatu da wa'azi inda data ba ta kai ba, ko da yake masu shirya fina-finan Hausa sun daɗe suna kukan ana tura aikinsu ba tare da an biya su ba, kuma kukansu yana kan hanya. Amma ka tuna, duk wanda ka miƙa wa wayarka a buɗe, ka miƙa masa hotunan iyalinka da takardunka da saƙonninka. Mafi yawansu mutanen kirki ne, amma mutum ɗaya ya isa ya jefa gida cikin baƙin ciki. Ina roƙon mata musamman, da iyaye masu aiken yara da waya: a sayi memori daban na turi, a miƙa shi shi kaɗai, wayar ta zauna a hannu.

Da abin ya zama na nesa, WhatsApp ne ke fara zuwa zuciya, kuma da dalili. Goggonka tana da shi, direban motar garinku yana da shi, ba sai ka koya wa kowa komai ba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga wayarka zuwa wayar wanda ka tura wa, ko kamfanin ba ya iya buɗe su a hanya. A 2022 ya ɗaga girman fayil ɗin da za a iya turawa daga MB 100 zuwa GB 2, ya kuma faɗaɗa guruf zuwa mutum 1,024. Don tura takardar makaranta ga ɗan'uwa, ko rasit ga abokin ciniki, ko karatun yau ga 'yan guruf, ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba.

Sai dai yadda ka tura yana da muhimmanci. In ka ɗauko hoto ko bidiyo daga cikin hotunanka ka tura kai tsaye, WhatsApp yana matse shi don ya rage nauyi. Shi ya sa takardar shaidar da ta fito tsaf a wayarka take isa da rubutu dishi-dishi, ofishin da ka tura wa su ce ba su iya karanta lambar ba. Maɓallin HD da aka ƙaro a 2023 ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Mafita ita ce ka danna alamar maƙala abu, ka zaɓi Document, ka nemo fayil ɗin ta nan. Zai isa da girmansa da sunansa. Teloli masu tura samfurin ɗinki da masu sayar da atamfa da leshi, ku riƙe wannan, domin zare da launi su ne farkon abin da matsewa ke lalatawa. Haka kuma saƙon murya da ake ɗauka a cikin WhatsApp ba MP3 ba ne, wani tsari ne da ake kira Opus, wanda yawancin rediyoyi masu memori da ƙananan wayoyi ba sa karantawa. In ka kwafe shi a memori ka kai wa tsoho, zai kunna ya ji shiru.

Inda mutane ke rasa kayansu shi ne ɗaukar WhatsApp a matsayin ma'ajiya. Ɗan aike ne, in ya miƙa saƙo ya gama nasa. Saƙon da bai isa ba ma kwana 30 yake riƙe shi, daga nan ya goge. Tsohon bidiyon da ka share daga wayarka, in ka koma bayan wani lokaci ka danna, sau da yawa zai ce ka nemi wanda ya turo ya sake turowa. Wanda ya shigo guruf bana ba zai iske karatun bara ba. Tashoshin WhatsApp (Channels) da aka ƙirƙiro a 2023 su ma na kwana 30 kawai suke nunawa. Ko kwafin da yake ajiye maka a asusun Google bai haɗa da bidiyo ba sai ka kunna wannan zaɓi da hannunka.

Ƙanwata ta ɗanɗana irin wannan. Mai hoton bikinta ya tura mata bidiyon kamu da na kai amarya ta waya, ta yi ta kallo tana nuna wa ƙawaye, ba wanda ya yi tunanin kwafe su wani wuri, har da ni da ake ganin na san waya. Bayan wata takwas wayar ta faɗa cikin bahon wanki. Ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, don Allah a nemo min ko na wajen da Inna take min faɗa ne." A lokacin Inna ta riga ta rasu. Na je wurin mai hoton, ya buɗe kwamfutarsa a gabana ya duba, ya ce ya share na wannan watan tuni don ya sami wurin sababbin ayyuka. Muka bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, muka sami guntaye uku, babu na Inna a ciki.

Telegram an gina shi a kan akasin wannan tsari. 'Yan'uwa biyu 'yan asalin Rasha, Pavel da Nikolai Durov, suka kafa shi a 2013, yanzu kuma mazauninsa Dubai. Duk abin da ka tura yana zama a rumbun kamfanin, wayarka leƙawa kawai take yi. Kowane fayil zai iya kai GB 2, ko GB 4 ga masu biyan kuɗi, kuma ba a ƙayyade maka adadin fayilolin ba. Guruf yana ɗaukar mutum 200,000, tasha kuma ba ta da iyakar mabiya. Wanda ya shigo tasha yau zai iya komawa har saƙon farko, ya nemi sura da sunanta, ya kunna ya fara ji kafin ta gama sauka. In wayarsa ta cika ya share abin da ya sauke, gobe ya sake saukewa. In ka canza waya, da ka shiga da lambarka za ka iske komai yana nan. Akwai kuma wurin da ake kira Saved Messages inda kake tura wa kanka abu ka ajiye.

Wannan shi ya warware buƙatar mutanen Maraɗi. Na buɗe tasha, na ɗora zama 29 ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambar rana da sunan sura, na tura wa ɗalibin mahaɗin. Na ce masa shi kaɗai ya sauke, ya raba wa sauran ta Xender. Da na yi haka a 2020 da sai na sha fama wajen koya wa mutane manhajar, amma guguwar danne-dannen "mainin" ta 2024, lokacin su Hamster Kombat, wasannin neman kuɗi da ake bugawa a cikin manhajar, ta cusa Telegram a wayoyin matasanmu da yawa. Ga makarantar Islamiyya, ko malamin jami'a mai raba littattafai da darussa, ko duk wanda yake tara abu shekara bayan shekara don jama'a su riƙa komawa gare shi, Telegram ya yi wa WhatsApp nisa.

Amma ba zan sa takardun gidana ko hotunan iyalina a can ba. Hirar yau da kullum a Telegram, da guruf da tasha, ba su da irin kullen da WhatsApp yake da shi. A kulle suke a hanya, amma mabuɗin yana hannun kamfanin. Cikakken kulle sai a Secret Chat, wanda tsakanin mutum biyu ne kawai, kuma ba ya bin ka zuwa sabuwar waya. Bayan an kama Pavel Durov a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma ga hukuma in ta zo da umarnin shari'a. Haɗarin da ya fi kusa da mu kuma na layi ne. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yakan sake sayar da shi. Wanda ya saya, in ya buɗe WhatsApp ba zai ga tsofaffin saƙonninka ba, amma in ya shiga Telegram da lambar, kuma ba ka sa kalmar sirri ta mataki na biyu ba, zai iya iske duk abin da ka tara. Sa wannan kalmar ba ya cin minti biyu. Ka kuma duba saitin da ke goge asusu in an daɗe ba a shiga ba, ka tsawaita wa'adinsa, sannan ka naɗa mutum na biyu amintacce a kan tashar. Wuri ne kuma da 'yan damfara da masu yaɗa batsa suka yi yawa, don haka wayar yara tana buƙatar sa ido.

Google Drive shi ne ya fi kama da akwatin takardu. Duk mai Gmail yana da GB 15 kyauta, kuma kusan duk mai Android yana da Gmail ko bai sani ba. Kana iya tsara abubuwa jaka-jaka: takardun makaranta nan, na fili nan, na asibiti nan. Kana iya ba mutum ɗaya tak izinin gani ta adireshin imel ɗinsa, ko ka buɗe wa duk mai mahaɗin, kuma ranar da ka ga dama ka janye izinin. Abin da ka goge bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 30. Girman fayil ba matsala ba ne, bidiyon rufe tafsirin nan mai GB 12 da ya fi ƙarfin WhatsApp da Telegram sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, Drive zai karɓe shi ɗungurungum. Ga mai neman aiki ko gurbin karatu, wanda kullum ake ce masa ya turo sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, babu kamar ya yi musu sikanin sau ɗaya ya zuba a nan.

GB 15 ɗin nan fa tarayya ce tsakanin Drive da Gmail da Google Photos. Tun Yunin 2021 hotuna suka fara shiga lissafi, daga 2024 kuma kwafin WhatsApp na masu Android ya shigo. Bidiyo ɗaya irin nawa zai cinye kusan duka, kuma in wurin ya cika, imel ma yakan daina shigowa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiran kiran aiki. Ƙarin wuri sai da biyan kuɗi duk wata ko duk shekara. Asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba, Google ya ce tun Disambar 2023 yana iya goge shi. Babbar matsalar da nake gani a unguwa kuwa ita ce ta mabuɗi. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail a tsaye, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin magariba. Ranar da wayar ta ɓata, kayan suna nan lafiya lau a rumbun Google, amma mai su ba shi da hanyar shiga. In ba ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa ba a yanzu haka, gyara wannan ya riga duk wata shawara da ke cikin rubutun nan. Ka canza kalmar, ka sa lambar da kake amfani da ita a matsayin ta farfaɗowa, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Akwai wasu rumbunan: OneDrive da iCloud suna ba da GB 5 kyauta, Dropbox GB 2, MEGA kuma GB 20. WeTransfer na aike ne kawai, mahaɗinsa yana mutuwa bayan 'yan kwanaki. Duk wanda ya yi maka tayin wuri mai yawa kyauta, ka tuna abin da ya faru a baya. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload rana ɗaya bisa zargin satar fasaha, masu ajiyar halal suka rasa kayansu tare da masu laifi. RapidShare ya rufe a 2015, Zippyshare a 2023. Ko kamfanin bai rufe ba, hanyar zuwa gare shi tana iya rufewa. Mutanen Zamfara sun shafe makonni babu sabis daga Satumbar 2021 lokacin da aka katse layuka saboda matsalar tsaro, abin ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka yi ta fama kwanaki. A irin wannan rana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Guntun gatarin shi ne memori, ko filashi, ko babban faifan ajiya da ake jona wa kwamfuta. Ba ya son data, ba ya son kalmar sirri, ba ya jiran sabis, kuma shi kaɗai ne yake shiga rediyon Baba Alhaji. Amma a nan ne aka fi cutar mutane. Na taɓa sayen memori da aka rubuta wa GB 64 a wata rumfa, a kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba. Na sa a waya ta nuna 64 cif. Na kwafe tafsirin shekara biyu da bidiyoyinsu, na ga sunayen fayiloli sun jeru, hankalina ya kwanta har na share wasu daga waya. Bayan wata biyu na zo kunna na ranar 17, ya ƙi. Na ranar 18 ma haka. Da na kai wa wani mai gyara ya gwada, ainihin cikinsa bai kai GB 8 ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya, duk abin da ya haura ainihin girmansa suna kawai yake rubutawa, cikin babu komai. Zama goma sha ɗaya na wata shekara sai a wayar wani ɗalibi na same su, biyu kuma har yau ban same su ba. Araha ba ta ado.

Gwajin ba wuya. Kafin ka amince da sabon memori, cika shi taf da manyan bidiyoyi, ka cire, ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowanne ka ja shi har ƙarshensa. Mai kwamfuta ya yi amfani da 'yar manhajar H2testw, wadda aikinta ke nan. Ko na gaske ne, memori yana gajiya, zafi da yawan cirewa ana cikin kwafi suna kashe shi, kuma in zai mutu ba ya sallama. Wanda bai wuce GB 32 ba yawanci yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura GB 4, ko da akwai sauran wuri. Manya daga GB 64 suna zuwa da exFAT da ba shi da wannan iyaka, sai dai tsofaffin rediyoyi da ƙananan wayoyi da yawa ba sa gane shi. Don haka na Baba Alhaji ƙarami na saya, mai GB 8, na zuba MP3 zalla, na sa lamba a gaban kowane suna, 01, 02, 03, don kada rediyon ya fara masa da tsakiyar Baƙara. Filashin da ke yawo a kwamfutocin shagunan buga takardu kuma yakan kwaso ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, saboda haka wanda kake kaiwa shago daban, wanda kake ajiya a ciki daban.

Tambayar Malam ita ta fi ɗaukar min lokaci, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da zan iya dafa ƙirji in ce zai kai ga jikokinsa shi kaɗai. Abin da na yi shi ne na raba ƙafa. Sautin duka shekaru shida yana tashar Telegram, mu biyu ne a kanta ni da babban ɗansa, kowa da kalmar sirrinsa ta mataki na biyu. Na buɗe Gmail na musamman da sunan makarantar, ba nawa ba, na zuba kwafi na biyu a Drive, na rubuta mabuɗin a takarda. Bidiyoyin rufewa, da yake sun yi nauyi, suna kan faifan ajiya a gidana. Sannan na sayi memori biyu a shagon da ya yarda in gwada in dawo da shi in ya gaza, na cika su, na gwada, na zuba komai.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai masa ɗaya a cikin ambulan, tare da takardar mabuɗin, na rubuta shekarun a bayansa. Ya jujjuya shi a tafin hannunsa, abu kamar farcen yatsa, ya ce, "Duk karatun yana cikin wannan?" Na ce, "Yana ciki, Allah gafarta Malam, amma duk Sha'aban zan zo in karɓa in gwada shi, in ƙara na sabuwar shekara. In ya nuna alamar gajiya in canza wani." Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye littattafan mahaifinsa, ya ɗaga na sama, ya sa ambulan ɗin a ƙarƙashinsa, ya kira ɗansa ya nuna masa wurin.